Wa Ya Ce Maka Haka Kirista Yake Faɗa? Maganar "Ɗan Allah" a Labaranmu

 Maƙalar wannan mako ta taɓo wani wuri da yawancinmu muke tsallakewa da gudu, don haka ina roƙon a karanta ta har ƙarshe kafin a ɗauko sanda.

Akwai wani fage da ya zama kamar gado a ƙagaggun labaranmu, tun daga littattafan da ake bugawa har waɗanda muke saki feji-feji a WhatsApp da Wattpad. Yarinya Kirista, galibi kyakkyawa, ta haɗu da saurayi Musulmi a jami'a ko wajen bautar ƙasa. Soyayya ta ƙullu. Ranar da marubuci ya ga lokacin musuluntarta ya yi, sai saurayin ya dube ta ya ce: "In dai Allah yana da ɗa, wace ce matarsa?" Sai ta yi shiru, ta sunkuyar da kai, hawaye ya zubo. Ta garzaya wajen fastonsu, shi ma ya shiga kame-kame, ya share gumi, ya kore ta daga ofis. Bayan shafi biyu ta karɓi kalmar shahada, masu karatu suka cika wajen sharhi da kabbara.

Ba na faɗa da musuluntar tauraruwa. Mutane suna musulunta, labarinsu kuma ya cancanci a rubuta shi. Abin da nake faɗa da shi shi ne waccan tambayar da wancan shirun. Kiristan da ya zauna a makarantar Lahadi ko da shekara biyu ne ba zai yi shiru ba. Zai ce maka su ma a wajensu saɓo ne a ce Allah ya yi mata. Ke nan marubuci ya ƙera wa mutane aƙidar da ba tasu ba, ya kayar da ita, ya buga wa kansa tafi.

Ni Musulmi ne, aƙidata tana cikin Suratul Ikhlas, ban zo rage mata tsawo ba. Ban yarda Allah Yana da ɗa ba, ta kowace irin ma'ana. Amma ƙin yarda da magana daban, sanin abin da maganar take cewa daban. Wanda yake dambe da abin da bai sani ba, da inuwa yake yi. Marubuci kuwa da ya sa wa mutum maganar da ba tasa ba a baki, shaidar zur ya yi, ko da a kan wanda ba addininsu ɗaya ba ne.

ABIN DA BA SU FAƊA BA

Na farko, babu wata babbar ɗariƙar Kirista, Katolika ce ko Anglika ko ECWA ko COCIN ko Ƙibɗawan Masar, da take koyar da cewa Allah Ya yi aure, ko Ya kusanci Nana Maryam yadda namiji yake kusantar mace. Su ma sun tafi a kan cewa tana budurwa ta ɗauki ciki ba tare da namiji ba. Labarin yana babin farko na Linjilar Matiyu da ta Luka.

Wannan tambaya da muke ji da ita kamar mu muka gano ta, ta haura shekara 1,200 da haihuwa. Wajen shekarar 781, Halifa Al-Mahdi na Abbasiyawa ya yi muƙabalar kwana biyu a Bagadaza da Timoti na Ɗaya, shugaban Cocin Gabas. A yadda Timotin ya rubuta labarin, da wannan zargi na aure da haihuwa halifan ya buɗe zance. Timoti bai sunkuyar da kai ba, bai share gumi ba. Nan take ya nesanta kansa da maganar, ya kira ta saɓo, sannan aka shiga ainihin muhawara. Fastonmu na labari kaɗai ne har yau bai ji amsar ba.

Na biyu, ukun da suke kira Triniti su ne Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Maryam ba ta ciki. Katolika da Otodoks suna girmama ta ƙwarai, suna neman ta yi musu roƙo, abin da mu muke ganin ya shiga hurumin bauta. 'Yan ECWA da Baftis kuwa ko wannan ba sa yi, suna ma sukar masu yi. Na san wani zai kawo aya ta 116 a Suratul Ma'ida. Ayar gaskiya ce, tana magana kan riƙon Annabi Isa (AS) da mahaifiyarsa abin bauta, bayaninta kuma yana hannun malaman tafsiri. Amma ba ta ba ka izinin tsayar da faston ECWA a gaban coci yana lissafa Maryam cikin ukun nan ba, domin ba ya yi.

Na uku, ba sa cewa alloli uku ne. Shaidar bangaskiyar da suke karantawa a coci da kaɗaitar Allah take farawa. Mu muna cewa abin da suka ɗora a kai ya kai su ga shirka. Wannan hukuncinmu ne, muna kuma da hujjojinmu. To ka sa hukuncin a bakin tauraronka Musulmi. A bakin Kirista ka sa abin da Kirista yake faɗa.

ABIN DA SUKE FAƊA

Mabuɗin maganar yana babin farko na Linjilar Yohanna, inda aka kira Almasihu da wata kalmar Girkanci, Logos, wadda aka fassara da "Kalma". Ga yadda malamansu suke jera abin. Allah bai taɓa zama ba tare da Kalmarsa ba. Wannan Kalma a wajensu ta wuce sauti da haruffa, mai rai ce, an bambance ta da Uba amma ba a raba su a zati ba. Kiristocin Larabawa suna kiran kowane ɗaya daga cikin ukun da "uƙnumi", da wannan sunan ma littattafan malamanmu na da suka kawo shi.

To me ya kawo sunan "Ɗa"? Suna cewa abin da mutum ya ƙera ba irinsa ba ne, abin da ya haifa shi ne irinsa. Maƙeri ya ƙera garma, garma ƙarfe ce. Maƙeri ya haifi ɗa, ɗan mutum ne kamarsa. Da suka ce "haihuwa", suna nufin su kore halitta ne, su ce Kalmar daga zatin Allah take, ba daga cikin abubuwan da Ya yi ba. Sai suka cire abu uku daga wannan haihuwa: babu mace, babu jiki, babu lokaci. Misalin da suka fi kawowa tun da shi ne haske da rana: hasken daga rana yake fitowa, amma ba a taɓa samun rana tana zaune babu haske ba.

A lura da kyau, domin nan ne yawancinmu muke zamewa. A aƙidarsu, ba ranar da Maryam ta haife shi a Baitalami ya zama Ɗa ba. Suna cewa Ɗa ne tun fil azal. Abin da ya faru a Baitalami magana ce ta biyu, ita ce ɗaukar jiki, wadda Larabawa suke kira tajassud: wai Kalmar ta ɗauki cikakkiyar ɗabi'ar ɗan Adam, jiki da rai da hankali, ba tare da ta daina zama abin da take ba. Ba sa ɗaukar jikin a matsayin riga ko ɓad-da-kama. Tun a ƙarni na 2 aka samu masu cewa jikin nasa gizo ne kawai yake yi wa ido, coci ta kore su. A shekarar 451 taron Kalsidon, wanda yau unguwa ce a Istanbul mai suna Kadikoy, ya tsayar da cewa shi ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, allahntaka da mutuntaka, ba su cakuɗe ba, ɗaya ba ta rikiɗe ta koma ɗaya ba, ba a kuma raba shi gida biyu ba.

Saboda haka idan tauraronka ya tambayi fasto me ya sa Yesu yake cin abinci, yake barci, yake addu'a, fasto yana da amsa a aljihu: yunwa da barci na mutuntakarsa ne, addu'a kuma Ɗa ne yake yi ga Uba. Idan ya ce wa ya riƙe duniya ranar da suka ce ya mutu, zai ce mutuwar ta sami ɗabi'arsa ta mutum ne, allahntaka ba ta mutuwa. Tambayar cin abinci tambaya ce mai ƙarfi, Alƙur'ani ma ya kafa hujja da ita a aya ta 75 ta Suratul Ma'ida. Kana da damar tauraronka ya ƙi gamsuwa da amsar, ya kuma faɗi dalili. Abin da ba ka da dama shi ne ka nuna babu amsar kwata-kwata.

Me ya sa suka riƙe wannan da ƙarfi haka? Saboda ceto. Atanasiyus na Iskandariya, a littafin da ya rubuta kan ɗaukar jiki a ƙarni na 4, ya gina hujjarsa a kan cewa wanda Ya halicci mutum Shi kaɗai zai iya gyara shi bayan ya lalace, kuma gyaran sai an shiga cikin halin mutum. Ga Kirista mai ibada, wannan ba darasin aji ba ne. Shi ne abin da yake riƙewa a gadon asibiti da bakin kabari: cewa wanda yake bauta wa ya ɗanɗani yunwa da kuka da mutuwa. Marubucin da bai san wannan ba, bai san abin da tauraruwarsa ta ajiye ranar da ta musulunta ba.

Wanda ya yi karatun tauhidi zai ji maganar ta ɗan yi masa kama da wani abu. Ahlus Sunna suna cewa Alƙur'ani maganar Allah ne, ba halitta ba. A kan wannan aka ɗaure Imam Ahmad bin Hanbal aka yi masa bulala, a fitinar da Halifa Al-Ma'amun ya buɗe a shekarar 833. Bambancin mai girma ne: a wajenmu magana sifa ce ta Allah, ba wani mai rai daban ba, kuma Littafi aka saukar wa Annabi (SAW). Su kuwa suna cewa Kalmar ce da kanta ta zo a mutum. Na kawo wannan ne don a gane girman da'awar tasu, ba don in daidaita biyun ba.

TATSUNIYAR NIKIYA

Akwai wata gajeriyar hanya kuma da muke bi. Sai ka ga tauraro ya gyara zama ya ce: "Ai Sarki Kustantin ne ya tara fastoci a shekarar 325 suka kaɗa ƙuri'a suka mai da Annabi Isa Allah, suka ƙone Linjila ta gaskiya." Wannan zance ya ƙara yaɗuwa bayan ƙagaggen labarin Dan Brown, The Da Vinci Code, ya fito a 2003. Marubuci ya ɗauki tarihi daga ƙagaggen labari, ya zuba a wani ƙagaggen labarin, mai karatu ya haddace a matsayin ilimi.

An yi taron Nikiya, garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya, a shekarar 325, Kustantin ne kuma ya kira shi. Amma rigimar da ta haifar da shi a Afirka ta tashi. Wani limamin coci a Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar da cewa Ɗan halitta ne, akwai sa'ad da babu shi. Bishop ɗinsa, Iskandar, ya ce a'a. A lura, Ariyus bai ce Isa annabi ne kamar sauran annabawa ba. Cewa ya yi shi ne farkon halitta, ya wanzu kafin duniya, ta hannunsa aka yi komai. Wanda yake kiran Ariyus Musulmin zamaninsa bai karanta Ariyus ba. Taron ya yanke cewa Ɗa da Uba zati ɗaya ne, da kalmar Girkanci homoousios. Bishop biyu ne suka ƙi sa hannu, dukansu daga yankin Libiya. Ba a zaɓi littattafan Baibul a wannan taro ba.

Zancen wai sarki ne ya ɗora aƙidar da takobi shi ma bai zauna daidai ba. Kustantin da kansa ya kori Atanasiyus, babban mai kare matsayin Nikiya, daga Iskandariya a 335. Wanda ya yi wa sarkin baftisma gab da mutuwarsa a 337 bishop ne mai goyon bayan Ariyus. Ɗansa Kustantiyus ma wancan ɓangaren ya karkata. Sau biyar ana korar Atanasiyus daga kujerarsa. Sai a taron Kustantiniya na 381 matsayin Nikiya ya zauna da gindinsa.

Bauta wa Almasihu kuwa ta girmi Nikiya nesa ba kusa ba. Wajen shekarar 112, gwamnan Rumawa a lardin Bitiniya, Filini Ƙarami, wanda ba Kirista ba ne, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kiristocin yankin suna taruwa da asuba suna rera wa Almasihu waƙa kamar abin bauta. Nikiya ma a cikin wannan lardi take. Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya yi amfani da kalmar Latin ta Triniti kusan shekara 100 kafin taron. Tsufan aƙida ba ya mai da ita gaskiya. Musulmi yana nan a kan cewa an kauce wa koyarwar Annabi Isa (AS). Amma in za ka faɗi lokacin, kada ka faɗi wanda kowane ɗalibin tarihi zai ƙaryata.

Haka ma Linjilar Barnaba da muke son sa tauraruwa ta tsinta a ƙasan akwatin babanta. Kwafinta biyu da aka sani, ɗaya da Italiyanci ɗaya da Sifaniyanci, babu wanda ya girmi ƙarshen ƙarni na 16. Abin da ya fi wannan, a cikinta an sa Isa yana musun cewa shi ne Almasihu, alhali Alƙur'ani da wannan laƙabi ya kira shi. Wanda ya ɗauko ta don ya soki Kirista, takobin da ba shi da kube ya rungumo.

MASU SHAFA ZUMA

Yanzu bari in juya ga ɗaya ɓangaren, domin kuskuren ba gida ɗaya ya sauka ba. Akwai marubutan zaman lafiya, masu kyakkyawar niyya, da suke sa wani dattijo ya sasanta rigima da cewa: "Ai 'Ɗan Allah' salon magana ne kawai, kamar ɗan kasuwa, ɗan sanda, ɗan Kano. Duk abu ɗaya muke faɗa."

Gaskiya ne Hausa tana amfani da "ɗa" ba tare da haihuwa ba, Larabci ma yana kiran matafiyi ibnus sabil. Gaskiya ne kuma Baibul yana da irin wannan: an kira Isra'ila ɗa a littafin Fitowa, an kira sarkin gidan Dawuda ɗa a Zabura ta 2, Kiristoci ma suna kiran kansu 'ya'yan Allah. Amma su da kansu sun raba biyun. Suna cewa masu bi 'ya'yan riƙo ne da aka karɓa don alheri, Almasihu kuwa Ɗa ne tilo ta wajen zati. Masu cewa mutum ne nagari da Allah Ya ɗaukaka Ya ba shi laƙabin ɗa, coci ta yi watsi da ra'ayinsu tun kafin Nikiya. To dattijon naka bai sasanta komai ba. Ya ƙwace wa Kirista aƙidarsa, ya kuma ruɗi Musulmi cewa babu saɓani. Zaman lafiyar da aka gina a kan ɓoye bambanci, ranar da bambancin ya leƙo zai rushe.

Ga inda saɓanin yake, a fili. Mu muna cewa Isa (AS) bawan Allah ne kuma ManzonSa, an kira shi kalma daga Allah saboda da umarnin "kasance" aka halicce shi, kamar yadda aya ta 59 ta Ali Imrana ta kwatanta shi da Annabi Adamu. Su suna cewa shi ne Kalmar da ba a halitta ba. Mu muna cewa bai dace da girman Mahalicci Ya shiga cikin halitta ba. Su suna cewa wannan ƙasƙantar da kai shi ne ƙololuwar ƙaunarSa. Mu muna cewa ba a gicciye shi ba, kuma babu mai ɗaukar nauyin zunubin wani. Su a kan gicciye suka kafa cetonsu. Wannan rami ne mai zurfi, babu gadar kalmomi da za ta rufe shi. A nan ne labari mai nauyi yake, ba a wajen tambayar wace ce matarsa ba.

UZURORIN DA NA SAN ZA A KAWO

Wani zai ce: "Ai labari ne, ba littafin aƙida ba." To me ya sa idan za ka rubuta likita kake tambayar yadda ake ɗaura ruwa, idan lauya ne kake binciken yadda ake neman beli? Aƙidar mutum ba ta kai allura daraja ba? Kuma masu karatunmu da yawa, musamman ƙannenmu mata da suke gida, ba su taɓa zama da Kirista sun yi hira ba. Abin da ka rubuta shi ne iyakar saninsu.

Wani zai ce: "In ka kawo hujjarsu da ƙarfinta, za ka ɓatar da yara." Malamanmu na da ba su ji wannan tsoron ba. Abu Isa al-Warraƙ a ƙarni na 9 sai da ya baje aƙidar ƙungiyoyin Kirista uku dalla-dalla kafin ya yi musu raddi. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya bambance Malkaniyya da Nasɗuriyya da Ya'aƙubiyya a Al-Milal wan Nihal. Ya san cewa Kiristocin kansu sun rabu kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu, rabuwar da ta sa har yau cocin Ƙibɗawa da ta Habasha da ta Armeniya ba su karɓi Kalsidon ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya rubuta Al-Jawabus Sahih don amsa wata wasiƙar Kiristoci daga Ƙubrus, yana kawo maganarsu da tsawonta sannan ya warware.  Wanda ake jefawa cikin haɗari shi ne yaron da muka ba takobin kara, ya shiga jami'a, ya haɗu da ɗan ajinsu da ya san addininsa, aka karya takobin a minti biyu. Daga ranar zai fara tambayar kansa me kuma aka faɗa masa da ba haka yake ba.

Wani zai ce: "Su ma haka suke yi mana." Ƙwarai kuwa. Wata tsohuwar waƙar Faransa ta wajen shekarar 1100, Waƙar Roland, ta nuna Musulmi suna bauta wa gumaka uku, ɗaya ma an laƙa masa sunan Annabinmu. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna kiranmu da sunan da yake nuna kamar Annabi muke bauta wa. Har yau akwai masu wa'azin da suke cewa dutse muke yi wa sujada a Makka. Mun san zafin wannan. Wanda ya san zafin ƙage shi ya fi cancanta ya guje shi. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta sa mu bar adalci, aya ta 36 ta Suratul Isra'i kuma ta hana bin abin da ba mu da iliminsa.

Sannan mu daina rubutu kamar Hausa tamu ce mu kaɗai. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Akwai Hausawa Kiristoci a Wusasa ta Zariya, da ƙauyukan Kano da Katsina, har Maraɗi. Ɗimbin jama'a a Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa da Taraba da Hausa suke ibada, har sunayen wasu coci-cocin, irin su EYN da HEKAN, gajarta kalmomin Hausa ne. Suna karanta mu. Idan suka ga an zana su dolaye marasa amsa, abin da za su ɗauka shi ne ba mu san su ba, kuma ba mu damu mu sani ba. A yankin da rigimar addini ta sha cin rayuka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

ME ZA MU YI?

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kafin ka rubuta Kirista, ka nemi Kirista mai ilimin addininsa, abokin aiki ko maƙwabci ko tsohon ɗan ajinku, ka tambaye shi cikin ladabi, ka rubuta amsarsa yadda ya faɗa. In ka gama fagen ka ba shi ya karanta. Ma'aunin guda ɗaya ne: zai iya cewa "e, haka muke faɗa", ko da bai ji daɗin inda labarin ya ƙare ba?

Ka san ɗariƙar tauraronka. 'Yar Katolika da 'yar Deeper Life ba addu'arsu ɗaya ba. Shaidun Jehobah kuwa ba su yarda da Triniti ba sam. Ka san matakin iliminsa. Mai sayar da doya a kasuwa ba zai ambaci Kalsidon ba, yana ma iya kawo misalin mutum ɗaya da yake uba a gida, malami a makaranta, miji wajen matarsa, misalin da malaman coci suke ƙi saboda ya yi kama da ra'ayin Sabeliyus da aka kore a ƙarni na 3. Wannan ya halatta a labari in da saninka ka sa shi. Faston da ya yi makarantar tauhidi kuwa ba zai faɗi haka ba. Ka kuma kula da kalmomi: Kirista mai jin Hausa "Yesu Almasihu" yake cewa, da "Ubangiji", da "bangaskiya", da "alheri", kuma "Allah" yake kiran Mahalicci kamar kai.

In tauraruwarka za ta musulunta, ka bar ta ta yi kokawa. Ka bar ta ta kawo amsar da aka koya mata, ta kare ta, ta kwana tana juyi, ta tuna waƙar da mahaifiyarta take rera mata ranar Kirsimeti. Musuluntar da aka saya da tambaya ɗaya ba ta da nauyi a zuciyar mai karatu, kuma raini ce ga waɗanda suka yi wannan tafiya da gaske, suka rasa dangi da gado a kanta. In kuwa labarin bai buƙaci kowa ya canja addini ba, ka bar maƙwabta biyu su yi saɓani na gaskiya, su tashi su je jana'izar unguwa tare. Wannan ma rayuwarmu ce, ba mu cika rubuta ta ba.

Alƙalami amana ne. Gaskiyar da muke da yaƙini a kanta ba ta buƙatar mu tallafe ta da ƙage.

Fili naku ne. Wanda yake da gyara ya kawo da hujja, 'yan uwanmu Kiristoci da suke cikinmu kuma ku kuka fi cancanta ku faɗa mana ko an kawo maganarku daidai. A yi muhawara, ban da zagi. Allah Ya yi mana jagora, Ya sa alƙalumanmu su zama shaida gare mu, ba a kanmu ba.